Dogon hutu a Legas: wasan tsakar gida dole ne ga yara?

Tambaya: Likita, muna zaune a gidan haya a Agege. 'Ya'yana uku, babban shekararsa 9, autar kuma 3. Tunda aka yi dogon hutu, daga lesin sai Islamiyya, in sun dawo na tura su ɗaki na miƙa musu waya, don ina tsoron titi. Surukata ta ce cutar da su nake yi. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Wanda ya san gudun 'yan acaɓa da Keke a lungunan Agege ba zai ce ki sake yaro a titi ba. Amma a wannan magana Hajiya ta fi ki gaskiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki. 'Yar shekara 3 kuwa minti 180 take buƙata, a rarrabe cikin yini, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Guje-guje da tsalle su ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kuma yaron da ya gaji da wasa ba ya wahalar barci.

Abin da ya fi damuna shi ne ido. Yaron da ya wuni yana kallon abu dab da fuskarsa a ɗaki mai duhu ya fi fuskantar matsalar rashin hangen nesa, irin wadda ke sa a kasa karanta allo daga bayan aji. Hasken waje yana rage wannan haɗari, ko da a inuwa yaron yake. Ranar da ke taɓa fata kuma ita ke sa jiki ya samar da bitamin D, wanda ke taimaka wa ƙashi ya amfana da abinci.

Ba sai kin kai su filin shaƙatawa na Alausa ba. Tsakar gida ta isa. 'Yar gala-gala gawayi kawai take so a zana ƙasa, carafke tsakuwa, langa kuwa ƙafa ɗaya. Ki bar autar ta yi tuwon ƙasa a gwangwani, ta yi butu-butu, sabulu zai wanke. In suka yi gardama kan wanda ya ci, kada ki yi saurin shiga. A nan suke koyon jiran layi da haƙurin faɗuwa. Da 'ya'yan maƙwabta ma har Yarabanci za su tsinta.

Sai dai Legas ce, damina ce. Ki rufe rijiya, ki kifar da bokiti da baho, don ruwa kaɗan kan halaka ƙaramin yaro ba tare da an ji ko ihu ba. Su sa takalmi, su nisanci kwata da janareta in yana aiki. Su wanke hannu kafin cin abinci.

Ki haɗa kai da matan gidan, kowace ta karɓi ranar sa ido. Bayan la'asar ya fi, rana ta yi sanyi. Da an kira magariba su shigo, lokacin ne sauron zazzaɓi ke fara cizo.