Tambaya da Amsa: Wace regileta za ta kai ni zurfi ta dawo da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ɗan jima ina nutso cikin ruwa da silindar iska ɗaya ban taɓa wuce mita 30 ba, yanzu kuma na yi rajistar kwas ɗin nutson tek, irin wanda ake yin zurfi sosai sai an yi ta tsaye-tsayen deko, wato dakatawa a hanyar hawowa don gas ɗin da jiki ya sha ya fita, kafin a fito. Malamin ya ce in zo da regileta, wato na'urar da ake shaƙar iskar silinda da ita, guda biyu da suka cika ƙa'ida, ni kuma tawa mai maƙalawa ce irin ta yok, an buga mata EN250 a jiki. Wai wannan tambarin bai isa ba ne, ko dai so kawai ake mu yi ta kashe kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminka bai cuce ka ba wallahi, amma bari mu fara da tambarin tunda shi ne ya ɗaure maka kai. EN250 ƙa'idar Turai ce, ana haɗa regileta da wani injin da ke numfashi kamar mutumin da ya gaji tiɓis, lita 62.5 a minti ɗaya, a matsin da ya yi daidai da zurfin mita 50, a auna wahalar da ake sha wajen jan iska da fitar da ita. Wadda aka yi don ruwan sanyi ana gwada ta a ruwa mai digiri 4, wadda kuma ka ga an rubuta mata alamar sama da digiri 10 to ta ruwan ɗumi ce kawai. In ka ga EN250A, wannan A ɗin na nufin an gwada mutum biyu suna shaƙa lokaci guda daga mataki na farko guda ɗaya, wato ɓangaren regileta da ake ɗaurawa a kan silinda, shi kuma wannan gwajin a mita 30 ya tsaya. Kaga kenan tambarin yana da amfani, wadda ba ta da shi ma kar ka kalle ta, amma bai ce komai ba game da mita 60 ko 70, bai kuma san kana cikin kogo ko cikin jirgin da ya nutse ba. Babu wani hatimi da ake bugawa a ce wannan ta tek ce. Abin da ƙungiyoyin horarwa irin su TDI da IANTD da GUE suke dubawa shi ne yadda kayan suka haɗu a jikinka, da abin da zai faru in ɗaya ta ƙi aiki alhali kana da sauran minti 20 na deko a kanka ba ka da damar fitowa sama.

Maganar yok kam a manta da ita. Yok tana matse zoben roba ne daga waje, da ka buga kan silinda da rufin kogo ko ƙarfen jirgi zoben na iya fita iska ta yi ta zuba, kuma iyakar matsin da take ɗauka bar 232 ne. DIN kuwa ɗaura ta ake yi cikin bawul ɗin kamar noti, zoben yana ciki a killace, ga ta ba ta da wannan ƙaton ƙullin da ke kama igiya. Nemi mai bar 300, ita tiredinta, wato zagayen da ake murzawa, 7 ne don haka tana shiga bawul na 232 da na 300 duka, mai tiredi 5 ba za ta zauna a na 300 ba. Kafin ka jefar da taka ka tambayi mai sabis, da yawansu ana iya canza musu kai su koma DIN.

Dalilin regileta biyu kuma, silinda biyu za ka goya an haɗa su da bawul a tsakiya, kowace da nata mataki na farko. Ta dama ita ke ɗauke da dogon tiyo mai mita 2.1 wanda kake shaƙa da shi, shi ne kuma za ka miƙa wa abokinka in iskarsa ta ƙare, tsawon nan don ku iya bin juna ɗaya bayan ɗaya a wuri mai matsatsi ne. Ta hagu tana da gajeren tiyo da abin shaƙa na baki na ajiya a rataye da roba ƙarƙashin haɓarka, sai gejin iska. Wannan tsarin daga masu nutso cikin kogon ruwa na Florida a Amurka ya fito, ana ce masa Hogarthian daga sunan Bill Hogarth Main. To abin da mutane ke mantawa a wajen saye shi ne ramukan da tiyo ke fita, in ba su fuskanci ƙasa yadda tiyo zai kwanta a jikinka ba sai ka ga mutum kamar bushiya, tiyo ya yi cirko-cirko ta ko'ina, hannu ma ba ya kaiwa ga bawul. Ka ɗaura su a kan silinda ka gani da idonka kafin ka biya. Ni dai shawarata su zama iri ɗaya, na wuyan nan kar ya zama na banza don wai ajiya ce, ranar da za ka buƙace shi numfashinka ya riga ya hau.

Mataki na farko iri biyu ne, fistin ko dayafaram, to wanne? Wannan gardamar ba ta ƙarewa, ni na gaji da ita gaskiya. Duk suna aiki muddin balans ce, wato iska ba ta yin tauri don silinda ta kusa ƙarewa. Inda bambancin yake shi ne sanyi da datti. Iskar da ta faɗo daga bar 200 zuwa wajen 10 tana yin sanyi ƙwarai, ruwan da ya shiga wajen sifirin sai ya daskare ya riƙe bawul a buɗe, iska ta yi ta kwarara ba tsayawa. In ruwanka mai sanyi ne ko mai laka ɗauki dayafaram da aka toshe ruwa ba ya shiga, irin Apeks DS4 ko Scubapro MK19, in ɗumi ne fistin irin MK25 ba ta da laifi. Kuma fa ka sani komai kyan regileta iskar da ta yi kauri a zurfi huhunka ne zai sha wahalar ta, shi ya sa ake zuba gas mara nauyi na hiliyom a silinda, wannan malaminka zai yi maka bayani.

TAMBAYA: Malam ni silindar deko zan haɗa, mai oksijin kashi 50 cikin ɗari. Ina da wata regileta ta titaniyom mara nauyi da nake ji da ita, zan iya sa ta?

AMSA: A'a 'yar'uwa, don Allah kar ki yi. Titaniyom yana iya kamawa da wuta cikin oksijin mai yawa da matsi, ki bar ta wa iskar yau da kullum. Abin da aka saba shi ne yawancin regileta suna ɗaukar naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, har kashi 40, sama da haka sai wadda aka wanke ta tas don oksijin, aka sa mata zoben roba irin Viton da giris ɗin da ba ya ci da wuta, kuma kamfanin da kansa ya ce ta dace. A Turai ma sun fi tsanani, suna da ƙa'idar EN 13949 da wani tiredi na daban M26 don gas ɗin da oksijin ɗinsa ya wuce kashi 22, sai ki duba irin bawul ɗin silindarki kar ki sayi abin da ba zai ɗauru ba. Da an wanke ta kuma kar ki ƙara haɗa ta da silindar da aka cika da iskar kwamfireso mai mai, ta ƙazantu kenan sai an sake. Ki riƙa buɗe bawul a hankali. Kashi 50 ɗin nan daga mita 21 ake fara shaƙarsa, oksijin zalla mita 6, ki rubuta lambar zurfin da manyan baƙi a jikin silinda.

TAMBAYA: Na hannu fa, wadda wani ya yi amfani da ita?

AMSA: Ba laifi in har ana samun kayan gyaranta kuma akwai wanda ya iya sabis ɗinta kusa da kai. Ka sa mata gejin matsin tsakiya, wato matsin iskar da ke fitowa daga mataki na farko, allura ta tsaya cak wajen bar 9 zuwa 10, in ka ga tana hawa a hankali bayan ta tsaya to mazaunin bawul ya cinye. Ko ta tsaya ma a kai ta sabis kafin ta shiga ruwa, sannan ka gwada ta a wuri mara zurfi sau biyu ko uku tukuna.