Ga ƙanenmu da ke tsoron manta muryar mahaifinsa

Assalamu alaikum ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Ka ce wata biyar ke nan da rasuwarsa. Ranar jana'iza ko ɗigon hawaye ba ka yi ba, sai yanzu da kowa ya watse kuka yake zuwar maka ba sallama, har ka fara tuhumar imaninka. Ka kuma ce abin da ya fi tayar maka da hankali shi ne kana laluben muryarsa a cikin kanka kana rasa ta. Ni ma nawa mahaifin ya jima da rasuwa, kuma ni ne babba a ɗakinmu kamar yadda kake, shi ya sa na ga bai kamata in wuce tambayarka ba.

Babban ɗa ba ya samun sararin kuka a makon farko. Kai ke amsa waya, kai ke tarbar masu ta'aziyya, kai ake nema idan takarda ta ɓata, kai ƙanne ke kallo don su san ko duniya ta tashi ko tana nan. Zuciya ta san akwai aiki a gaba, sai ta jingine nata. Ranar da gida ya yi tsit ta dawo da shi. Wannan ba taurin zuciya ba ne a da, kuma ba raunin imani ba ne yanzu. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Ya amsa masa da cewa rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Bukhari ne ya kawo shi. Nana Faɗima kuwa, bayan an binne mahaifinta, cewa ta yi da Anas bin Malik, ashe ranku ya iya yarda ku zuba ƙasa a kan Manzon Allah? 'Ya ce da ta rasa uba take magana, kuma babu wanda ya ce mata ta rasa dangana. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yayyaga tufafi, da maganar da ke jayayya da hukuncin Ubangiji. Duk wanda ya ce maka namiji ba ya kuka, ka bar shi da nasa.

Na ga wani ya kawo maka zancen matakai biyar na baƙin ciki, wai musu, fushi, ciniki, damuwa, sannan karɓa. Kada ka ɗauki wannan jerin ka riƙa auna kanka da shi. Likitar da ta fito da shi a 1969, Elisabeth Kübler-Ross, majinyatan da aka tabbatar musu ba za su tashi ba ta zauna da su a Chicago ta Amurka, abin da su masu shirin tafiyar suke ji ta rubuta. Daga baya ne mutane suka ɗora shi a kan waɗanda aka bari. Bayanin da na ga ya fi kama da abin da na ɗanɗana shi ne na wasu masana biyu na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holland, Margaret Stroebe da Henk Schut, a 1999. Sun ce wanda aka yi wa rasuwa kai-komo yake yi, yau yana cikin kewa tsundum, gobe yana hidimar rayuwa har da dariya, jibi ya koma, kuma wannan kai-komon shi ne lafiya. Don haka idan ka yi dariya kada ka ji ka ci amanar Baba, idan kuma kuka ya kama ka a tsakiyar aiki kada ka ce ka koma baya.

Akwai dai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin da ya zarce ƙa'ida cikin abubuwan da ake nema wa magani, wato wanda ya haura aƙalla wata shida yana nan da zafinsa, ya hana mutum aiki da mu'amala da jama'a. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka shekara guda suka sa wa babban mutum. Abin da ka kwatanta bai yi kama da wannan ba. Amma idan ka ga barci ya ƙaurace maka gaba ɗaya, ko ka daina fita, ko ka fara jin gara ka bi shi, wannan na ƙarshe ba a jira da shi ko kwana ɗaya, ka faɗa wa wani ka ga likita.

Yanzu maganar murya, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Kusan duk wanda na yi hira da shi cikin waɗanda suka rasa iyaye ya yi wannan fargabar. Fuska tana da hoto, murya kuwa sai abin da kunne ya riƙe. Kuma abin da na lura shi ne ba ta amsa kira. Ka kwanta ka rufe ido ka ce bari in ji Baba yana kiran sunana, ba za ta zo ba, sai ka tsorata, tsoron ya ƙara kore ta. Amma wata rana baffanka zai kira ka a waya, ya ja sallama yadda gidansu suke ja, ka ji gabanka ya faɗi. Ni a dariyar autanmu nake jin ta, wannan 'yar shaƙewar da ke zuwa kafin dariyar ta fito, wadda shi kansa yaron bai san daga ina ya samo ta ba. Ba ka manta ba, tana nan, hanyar fitowarta ce ba a hannunka take ba.

Duk da haka, kada ka bar komai a hannun ƙwaƙwalwa. Cikin makon nan ka bi wayarka da ta ƙannenka, ka tattara duk wani saƙon murya da ya taɓa turowa, ko da na daƙiƙa biyar ne yana tambayar ko an iso lafiya, da duk bidiyon da muryarsa ta fito ko daga gefe. Ka fitar da su daga cikin WhatsApp, ka ajiye a wuri biyu ko uku, ka tura wa 'yan'uwa. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana canza ta a rasa komai. Kuma ka sani, WhatsApp yana goge asusun da ya kai kwana 120 ba a taɓa shi ba, kamfanonin waya su ma suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ranar da suka buɗe waya suka ga hoton wani baƙo a kan sunan Baba. Idan kuna son riƙe layin, ku riƙa amfani da shi, ko ku je ku ji yadda ake mayar da shi sunan wani a cikinku. Wayarsa kuma kada a yi gaggawar goge ta a ba wani.

Amma ajiyar da ta fi waya tana wurin abokansa. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya haɗu da wani mutumin ƙauye a hanyar Makka, ya ɗora shi a kan jakin da yake hawa, ya cire rawanin kansa ya ba shi. Abokan tafiyarsa suka ce ai irin waɗannan abu kaɗan ya ishe su. Ya ce mahaifin wannan mutumin masoyin mahaifina Umar ne, kuma na ji Manzon Allah (SAW) yana cewa mafi girman biyayya ita ce mutum ya sadar da zumunci ga masoyan mahaifinsa. An fi kawo hadisin a babin lada, kuma ladan yana nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ɗan da kansa yake amfana. Kai Baba ka sani, mutumin da ka tarar da gemunsa da nauyin iyali a wuya. Su kuwa sun san saurayin da ya zama Baba.

Sai dai akwai yadda ake tambaya. Idan ka ce wa dattijo, Baba wane irin mutum ne abokinka, amsar ta'aziyya zai ba ka: mutumin kirki, mai haƙuri, mai zumunci. Gaskiya ce, amma haka ake faɗa a kan kowa. Ka tambaye shi a ina suka fara haɗuwa, me ya taɓa haɗa su faɗa, wane aiki ya nema bai samu ba, da wane suna suke tsokanarsa, yaya ya yi ranar da aka haife ka. Ka nemi izini ka kunna rikoda, ka ajiye wayar a gefe, ka yi shiru. Akwai wani aminin mahaifina da na zauna da shi haka. Mu a gida mun san mutum mai kame baki, wanda gyaran muryarsa daga ƙofa ya isa ya sa kowa ya nutsu. Dattijon nan ya ce ai a cikinsu shi ne sarkin barkwanci, shi ke kwaikwayon malamansu har a riƙe ciki. Yana cikin labarin sai ya gyara zama, ya ɗaga gira ɗaya, ya karkatar da kai, ya kwaikwayi yadda mahaifina ke cewa "to, ai shi ke nan" idan an kayar da shi a gardama amma bai yarda ba. Sak. Shekara da shekaru suna tare, kunnensa ya riƙe abin da nawa ya saki. Waɗannan mutane sa'o'insa ne, su ma suna kan hanya, kada ka ce sai ka samu sarari.

Kuma ka yarda su faɗa maka har da abin da ba yabo ba. Ba zagin mamaci nake nufi ba, an hana mu wannan. Amma idan Baba mai zafin zuciya ne ko mai taurin kai, wannan ma shi ne. A ganina 'ya'ya da yawa suna rasa iyayensu a karo na biyu ta hanyar goge su har su zama waliyyan da babu wanda ya taɓa zama da su. Jikokinsa za su fi riƙe labarin ranar da ya ƙi tambayar hanya har dare ya yi musu, fiye da jerin kyawawan halaye. Idan kuma akwai wata magana da ta rage tsakaninku ba ku warware ba, wannan nauyi ne da mutane da yawa ke ɗauke da shi a ɓoye. Ka yafe masa, ka nema masa gafara, ƙofar addu'a ba a rufe ta ba. Ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a yana cikin abubuwa uku da Annabi ya ce ba sa yankewa bayan mutuwa, tare da sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi.

Wajen abokan nan ne kuma za ka ji zancen bashi, wanda wasu ke jin nauyin tayar da shi a gaban masu makoki. Ka tambaya kai tsaye. Alƙur'ani ya sa bashi da wasiyya gaba da rabon gado, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Ka duba aljihunan rigunansa da cikin littattafansa. Mu a wani ɗan littafi mai yagaggen bango muka tarar da lissafinsa, na mutane a kansa a shafi ɗaya, nasa a kan mutane a ɗaya shafin, wasu sunayen ya ja musu layi ya rubuta "na bari" a gefe. Wannan rubutun hannun ma abin ajiyewa ne, ka ɗauki hotonsa.

Ba ka ambaci Mama ba, in tana raye Allah ya ƙara mata lafiya. Wata biyar yana nufin ba ta jima da fita takaba ba, wata huɗu da kwana goma, kuma daidai lokacin ne masu zuwa suke ɗaukewa. Kai uba ka rasa, ita abokin hirar dare ta rasa. Idan ta ce maka ta ji motsinsa ko ta ji kamar ya kira ta, kada ka firgita, kada kuma ka yi mata wa'azi. Wani likita mai suna Dewi Rees ya tambayi kusan mutum 300 da suka rasa mazajensu ko matansu a yankin Wales na Birtaniya, ya buga sakamakon a 1971, kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin irin haka, kuma yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai. 'Ya'ya kan guji ambaton mamacin a gabanta wai kada su tayar mata da hankali, alhali ita jira take wani ya ambace shi. Ka zauna ka ja ta da hira a kansa, in kuka ya zo ku yi tare. Sunayen abokan da za ka nema ma ita za ka tambaya, ta fi ka saninsu, har da waɗanda suka ɓata da shi da dalilin ɓatawar.