Wai yaushe Kiristoci da Yahudawa suka fara zama teburi ɗaya?

Malam, tambayarka cewa ya aka yi Kiristoci suka shirya da Yahudawa bayan ɗaruruwan shekaru ana zarginsu da kashe Yesu, to gaskiya abin bai wani daɗe ba fa. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ga kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa wajen miliyan 6 a tsakiyar Turai, sannan jikin manyan coci ya yi sanyi, aka fara tambayar anya wa'azin da ake yi shekara da shekaru ba shi da hannu a wannan ƙiyayya?

Akwai wani masanin tarihi Bayahude ɗan Faransa, Jules Isaac, matarsa da 'yarsa sun mutu a hannun Nazi, shi ya je har Vatican a 1960 ya gana da Fafaroma John na 23 kan maganar. Daga nan ne a 1965 babban taron cocin Katolika ya fitar da takardar Nostra Aetate, wadda ta ce ba za a ɗora wa dukkan Yahudawa laifin mutuwar Yesu ba, na da ko na yanzu. A 1986 kuma Fafaroma John Paul na 2 ya shiga babban wurin ibadar Yahudawa na birnin Rum ya kira su yayyensu a imani.

Amma fa kar ka ɗauka aƙida ta haɗu, a'a, har gobe Yahudawa ba su yarda Yesu ne Almasihu ba, kuma rikicin Gaza ma ya sake sa dangantakar Vatican da Isra'ila ta yi tsami.