Amsa ga sabuwar ma'aikaciyar da aka tura asibitin ƙauye

Assalamu alaikum. 'Yata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na idar da sallar asuba na samu natsuwa. Kin ce wata huɗu ke nan da aka turo ki ƙaramin asibitin wata mazaɓa, mata suna cika ranar awo amma ba sa zuwa haihuwa, kwamitin da aka ce akwai kuwa ba ki taɓa sa ɗayansu a ido ba, sai dai sunayensu da ke manne a bango. Kina son sanin ta ina za ki ɓullo wa mutanen gari. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, tsohon malamin firamare ne, amma na yi shekara tara ina sakataren kwamitin ci gaban mazaɓarmu a nan ƙasar Haɗeja, wanda ku ma'aikata kuke kira WDC. Abin da idona ya gani zan gaya miki.

Bari in fara jefo miki tawa tambayar: a ina kike kwana? Ba katsalandan nake yi ba. Awo da rana ake yinsa, mace ta yafa mayafi ta biyo ƙawayenta, a gwada jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, wani lokacin har da gidan sauro. Naƙuda kuwa ba ta san ranar awo ba, ta fi son tsakar dare. A garinmu an taɓa ɗauko wata yarinya a amalanke daga wani ƙauye da ke bayan fadama, shanu suna tafe a hankali, mijin yana haska hanya da tocila, suka iso suka tarar da kwaɗo a ƙofar asibiti. A gindin darbejiyar bakin ƙofa ta haihu. Allah ya sa ita da jaririn lafiya lau, amma kafin azahar labarin ya zagaye gari, kuma sai da muka yi sama da shekara muna fama da shi. Duk jawabin da ma'aikata suka yi wa mata ranar awo, sai wata tsohuwa ta ce, "A je a haihu a gindin bishiya?" Shi ya sa aikin farko na gaske da kwamitinmu ya yi, ba taro ba ne, gyaran ɗakuna biyu ne na bayan asibiti. Magina suka ba da kwana biyu kyauta, samari suka kwaɓa ƙasa, wani ɗan garin da ke kasuwanci a Kano ya aiko da kwano bandir biyu. Da ma'aikaciya ta tare, aka riƙa ganin fitila a kunne da daddare, sannan ne aka fara ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Maganar kwamitin naku na bango, na san irinsa, don a irinsa na fara. Kansila ne ya zauna ya rubuta sunayen mutanensa, aka kira mu sau ɗaya, wani babba daga ƙaramar hukuma ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, aka sha lemo aka watse. Kada ki yi rigima da su, kuma kada ki ce za ki rushe su, ba huruminki ba ne. Ki je gaisuwa wurin dagaci, ki tafi da incajinku, wato shugaban asibitin naku, ki nemi a ƙara mutane. Waɗanda za ki nema su ne waɗanda ake tashi da daddare dama: limamin Juma'a, shugaban direbobin tasha, ungozomar da ta fi kowace karɓar haihuwa, shugabar matan da ke riƙe adashe, da wani matashi da samari ke jin maganarsa. Kada a manta da arɗo. Mu mun manta da shi shekara biyu, muna ta mamakin me ya sa matan rugage ba sa zuwa, ashe ba wanda ya taɓa taka ƙafa ya je ya gaishe su, kuma ranar awonmu ta faɗo daidai ranar kasuwar da suke kai nono. Sauya rana kawai aka yi.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki karanta da kyau. Matar da ta mutu wajen haihuwa a ƙauye, mafi yawanci ba a gadonku ajalin ya fara ba, tun daga gida ne. Jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ta, maigida yana ci-rani a Legas, ba mai iya cewa a fita da ita. Uwar miji ta ce ita goma ta haifa a ɗaki. In haihuwar fari ce kuma ga kunya, yarinya ta cije baki ta kwana tana naƙuda ba ta faɗa wa kowa ba. Wannan ba aikin allura ba ne. Liman ne ya warware mana shi, ya yi huɗuba uku a jere kan haƙƙin mace a wuyan mijinta, ya ce duk wanda zai yi tafiya ya bar izini tun kafin ya fita, a gaban shaida, cewa in abu ya taso a kai ta asibiti ba sai an neme shi a waya ba. Masu unguwanni suka riƙa bibiya. Maganar da in ke kika faɗa za a ce yarinyar nan ta cika rawar kai, daga bakin liman sai ta zama addini.

Izini ba ya tuƙa mota. Gwamnatin Jigawa ta taɓa raba motoci a ƙauyuka ƙarƙashin shirin Haihuwa Lafiya, kuma sun yi amfani, sai dai mota tana son mai da taya da bakanike, inda ba a tanadi wannan ba sai ta zama ɗakin kwanan awaki. Abin da ya fi ɗorewa a wurinmu shi ne yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Direbobi huɗu suka ba da lambobinsu, aka rubuta su da fenti a bangon asibiti da na masallaci. Wanda ya kai mai naƙuda, kuɗin mai kawai ake ba shi, washegari kuma a tasha shi zai fara lodi ba sai ya bi layi ba. Kuɗin man daga asusu yake fitowa: bayan kaka kowane gida ya ba da kwanon gero ko na riɗi, a sayar, ma'aji ya ajiye. Wanda aka kai matarsa ya mayar in ya samu. Wasu ba su mayar ba har yau, mun san su, muna gaisawa.

Sai jini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun kwashi 'yan ƙwallon garin a mota guda muka kai su babban asibiti aka gwada rukunin jininsu, na rubuta a bayan littafin taro. Wani dare cikin watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata mata ta haihu a asibitinmu lafiya, mabiyiya ta fito, sai jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikaciyar ta yi mata allurar da ake yi, ta sa mata ruwa, ta rubuta takardar turawa, ta aiko mai gadi ya tashe ni. Na fito da littafin a cikin leda. Direba ya zo da silifas ƙafa ɗaya, ɗayan ya maƙale a taɓo bai tsaya nema ba. Muka bi ta gidajen yara biyu da jininsu ya dace, ɗayan ma babarsa ce ta tura shi waje tana cewa "Tafi mana!" A mota ma'aikaciyar tana danna cikin matar da hannu ɗaya, ni ina riƙe da ledar ruwa sama har kafaɗata ta sage. Leda biyu aka ƙara mata. Yaron da ta haifa yanzu yana aji uku, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidana. In kina son ganin abin da jinkiri ke haifarwa, ki samu lokaci ki je asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Doguwar naƙuda ce ta kai yawancinsu can.

Ungozomar gargajiya kuma, don Allah kada ki mai da ita kishiya. Kafin a haife ki take yanke cibiya a garin nan, kuma abincinta ke nan: sabulu, hatsi, da rabonta na naman suna. In kika ce mata su daina kiranta, kin taɓa mata tukunya, ita kuma tana shiga ɗakunan da ke ba za ki shiga ba. Mu cewa muka yi ita za ta rako mai naƙuda, ta zauna a ɗakin haihuwa, ita za ta tafi da mabiyiya ta binne, ita za ta ci gaba da wankan jego, rabonta na nan daram. Ta hannunsu maganin cibiya na chlorhexidine ya shiga gidaje, aka rage shafa man goge baki da gasa cibiya da tsumma. Kunun kanwa da ruwan wanka mai tsananin zafi ne har yanzu muke ja da su, duk da likitoci sun daɗe suna danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wannan sai a hankali.

Akwai abin da ku ma'aikata ba ku son a taɓo, ni kuwa zan taɓo shi, don a nan amana take tsayawa ko ta rushe. Kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF, kuma wani kaso yana shiga kai tsaye cikin asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa. A wurinmu kuɗi ba ya fita sai shugaban kwamiti ya sa hannu tare da incaji. Mun taɓa samun wani incaji da yake kawo wa shugabanmu cek ba a rubuta komai ba, ya ce sauri ake, Baba sa hannu. Dattijon ya riƙa sawa. Laifinmu ne mu ma, ni da nake sakatare ban taɓa cewa a nuna mini rasit ba. Sai ga shi kowa ya je asibiti a ce babu magani, a rubuta masa takarda a nuna masa wani kemis. Ba mu kai ƙara ko'ina ba da fari. A gaban dagaci muka ce daga yau abin da ya shigo da abin da aka kashe za a rubuta da Hausa a manna a bakin ƙofa, kuma mutum biyu daga kwamiti za su tsaya a ƙirga magani ranar da ya iso. Bai ji daɗi ba, bai jima ba ya nemi canji. Wanda ya gaje shi da kansa yake kiranmu. Ra'ayina ke nan, ko za a ji haushi: asibitin da ke neman mutanen gari ranar gangami da ranar share harabar asibiti, amma ya ɓoye musu littafin kuɗi, 'yan aiki yake nema. Mu ma muna da namu, akwai waɗanda suka daina zuwa taro da suka gane babu alawus.

Ki kuma yi haƙuri da tambayoyin mutane, suna da tarihi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma abin da ya faru da yara a gwajin maganin sanƙarau na 1996 yana cikin abin da ya sa mutane suka ƙi yarda. Sai da sarakuna suka shiga da ƙarfinsu, daga Sarkin Musulmi har zuwa masu unguwanni, kafin a kai ga Agustan 2020 da aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Na yi yawon gida-gida a lokacin, kuma tambayar da ta fi ɗaure mini baki ita ce ta wani manomi: "Malam, kullum kuna ƙofata da ɗigon baki kyauta, amma da ɗana ya yi zazzaɓi ko farasitamol ban samu ba, me ya sa?" Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida a ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata cikin damina, ya samu karɓuwa nan da nan, abu ne da iyaye suke ganin amfaninsa da idonsu. In an zo ɗaukar masu rabawa, ki tsaya a ɗauki matan unguwannin, kada a kawo 'yan uwan wani daga cikin gari. Su ɗin ne za ki koya wa awon dantsen yara da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja, su turo miki masu tamowa tun kafin ƙafa ta kumbura. Da amai da gudawa ya ɓarke a 2021, da ambaliyar 2022 da ta yanke mana hanya, waɗannan matan ne da samarin jini suka riƙa zuba magani a rijiyoyi suna nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wasu a kwalekwale.

Akwai abin da ya gagare mu har na sauka. Ma'aikaciya ɗaya ba za ta yi awo da rana ta karɓi haihuwa da dare kwana bakwai a mako ba, mun rubuta takarda ta fi a ƙirga muna neman ta biyu. Kuma da zarar mata sun saba da wata, sai a ɗauke ta. Tun zamanin tsarin Gunduma na tafiyar da asibitocin Jigawa, lokacin Gwamna Sule Lamido, muke wannan kuka, har aka koma hukumar lafiya matakin farko.

Ranar Juma'ar nan ki je gidan dagaci bayan an sauko daga masallaci, lokacin fada a cike take. Kada ki tafi da takarda ko jawabi, gaisuwa kika je. In kin fito ki sa a nuna miki gidan tsohuwar ungozoma, ki riƙe mata sabulu da goro, ki kira ta Inna, ki tambaye ta gidaje nawa ne ke da mai tsohon ciki a yanzu. Za ta lissafo miki su da ka. Sannan ki dawo nan ki gaya mini ko akwai ruwa da fitila a ɗakin haihuwarku, da nisan ku da babban asibiti, sai in faɗa miki yadda muka tsara kuɗin man direbobi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar aiki.