Filin Tambaya da Amsa: Ruwan borhol ɗin masallaci, wa zai riƙe shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda damina ta kankama a Kumasi wasiƙun da ke shigo mana kusan duk maganar ruwa ce, na ɗauko uku daga ciki, ta farkon ita ta fi cin wuri don al'amarin ya shafi unguwa guda.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne sakataren kwamitin ruwa na wani masallaci a Aboabo. Wani Alhaji ɗan unguwarmu da ke zaune a waje ya haƙa mana borhol sadakatul jariya don mahaifiyarsa, da politank mai lita 5,000 da kan famfo huɗu, Allah ya saka masa da alheri. Shekara uku kenan. Yanzu injin ya ƙone sau biyu, kuɗin wuta daga aljihunmu muke haɗawa, da muka ce a riƙa bada ɗan wani abu akan kowane galan sai dattawa sukace ruwan sadaka ba'a sayar dashi. Ga shi tunda aka fara ruwan sama yara a layinmu suna ta gudawa, mata na cewa ruwanmu ne, alhali ruwan fari ne tas ba wari ba komai. Dan Allah ya zamu yi?
Sakataren kwamiti, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya bada ladan hidima. Bari mu fara da yaran don su ne na gaggawa, duk yaron da ke zawo a fara bashi ruwan ORS tun a gida a kaishi asibiti, in kuma zawon ya zama ruwa-ruwa kamar ruwan wankin shinkafa ga amai to ba'a kwana dashi ko da tsakar dare ne. Mu da muka ga kwalarar 2014 a ƙasar nan ta Ghana, wadda ta kama sama da mutum 28,000 ta kashe sama da 200, yawanci a Accra, bama wasa da zawon damina. Ku kuma sanar da duba-gari na asambilin Asokore Mampong, ƴan tankas ɗin nan da mutane ke gudu, a wannan maganar abokan aikinku ne.

Sai maganar fari tas. Wallahi Malam wannan kalmar ita ta fi bani tsoro a wasiƙarka, don ido baya ganin ƙwayar cuta, ruwa zai iya zama garau kamar hawaye kuma yana ɗauke da taifod. Bance ruwanku ne ya kwantar da yaran ba, zai iya zama abinci ko hannu ko randar gida, amma ku ma baku da hujjar wanke kanku sai kun gwada. Kuma kar ku ji haushin matan, su ke ɗiba su ke jinya, in suka yi magana a saurara.

Gobe bayan asuba ku ɗau mutum biyu ku zaga da ƙafa. Ku fara da bakin borhol ɗin, simintin da ke kewaye dashi ya tsage ne, ruwan sama na kwanciya a wurin ne, murfin a rufe yake gam ko kuwa waya ta ratsa ta bar rami. Ku auna nisan da ke tsakaninsa da masai ko sokawe mafi kusa, har da bayin masallacin kansa, abin da aka saba bada shawara shine kar ya gaza mita 30, kuma na san a zango inda gida ke manne da gida samun haka da wuya, shi yasa gwaji ya zama dole a wurinmu fiye da na ƙauye. Aboabo kuma kun fi ni sani, in rafin nan ya cika ya haɗe da gota to duk abin da ke cikinta yana neman hanyar shiga ƙasa. Daga nan ku bi fayif ɗin, duk inda ya ratsa ta gota ko aka ɗaure shi da robar taya a canza, saboda lokacin da aka ɗauke wuta fayif ya zama ba ruwa a ciki, ta wannan ƴar ɓular yake zuƙo ƙazanta. Sannan wani ya hau ya leƙa cikin tankin da tocila. Sau da yawa anan ake samun abin, murfi ya tashi da iska tun bara ba wanda ya lura, ƙadangare ya faɗa, laka ta kwanta a ƙasa.

Gwaji kuwa ku kai dakin gwajin ruwa, akwai a jami'ar KNUST, akwai na Ghana Water da Ghana Standards Authority, a Accra kuma akwai Water Research Institute, cibiyar binciken ruwa ta gwamnati. Kar ku ɗiba a robar lemo, ku je su baku kwalbarsu wadda aka kashe wa ƙwayoyi, ku ɗibi ɗaya kafin ruwan ya shiga tanki ɗaya kuma a bakin famfo, a sa su cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara a kai a ranar cikin awa shida in da hali. Amfanin ɗiba biyun shine ku gane daga ƙasa matsalar take ko daga tanki. Ku ce a duba muku E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ƙa'idar ita ce kar a samu ko ɗaya cikin mililita 100, sai sinadarin naitiret wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, sai ƙarfe da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Naitiret ɗin nan ku riƙe shi da kyau don daga masai yake tsiyayowa, yana da haɗari ga jarirai ƴan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara, kuma tafasawa bata cire shi, kulorin ma baya cire shi. In ya fito sama to wannan ruwan ba na jarirai bane sai an samo wani. A riƙa gwadawa akalla sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina.

Wanke tanki duk wata shida. A zubar da ruwan, a goge ciki da buroshi, a cika shi a zuba garin kulorin wanda ake kira HTH giram 80 a kowace lita 1,000, naku kenan giram 400, a rufe famfo a sa kwaɗo a barshi awa 24, a zubar a ɗauraye har warin ya tafi. A yi sanarwa a masallaci kar kowa ya sha ruwan ranar.

Kulorin da za'a riƙa sa wa ruwan sha yau da kullum kuma ƙanƙani ne ƙwarai. Giram 15 na HTH, wato kamar cokalin cin abinci ɗaya a shafe, a lita ɗaya ta ruwa, a motsa a bari ya kwanta a tsiyaye na saman. Daga wannan haɗin mililita 100 ake zubawa a kowace lita 1,000, tankinku in ya cika rabin lita kenan don farawa. A jira minti 30 sai a auna da ƴar na'urar nan mai ƙwayar DPD da ke sa ruwa ya koma ruwan hoda, masu sayar da kayan wurin iyo suna da ita. Abin da ake nema kulorin ya kai kamar 0.5 miligiram a lita a bakin famfo, kuma kar ya gaza 0.2 a ruwan da ya kwana a gida. In ruwanku mai ƙarfe ne, irin mai sa bokiti ja, zai cinye kulorin ɗin da wuri sai an ƙara kaɗan kaɗan ana aunawa. Dan Allah kar a zuba da ka. Mutum ɗaya ko biyu za'a koya wa, su sa safar hannu, garin a ajiye shi a rufe a inuwa nesa da fetur ɗin janareta da hannun yara, kuma ba'a haɗa shi da wani sinadarin wanke-wanke.

To yanzu maganar dattawa, wadda a ganina ita ce uwar matsalar. Kar ku yi musu da su a bainar jama'a, gaskiyarsu ce ruwan Alhaji sadaka ne. Amma wuta ba sadaka bace, makaniken famfo ba sadaka yake aiki ba, ɗakin gwaji ma sai an biya. Ku samu liman da mai unguwa ku zauna dasu da takardun kuɗin wuta da rasit ɗin gyaran injin nan biyu a hannu, ku ce musu ba ruwa zamu sayar ba kuɗin riƙon amana zamu haɗa, don ranar da injin ya mutu ba kuɗin tada shi to ladan mahaifiyar Alhaji ne ya tsaya, matanmu kuma su koma sayen ruwan tanka da ba wanda ya san inda aka ɗebo. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bayar wakafi a Madina har yau ana ambatonta saboda an samu masu kula da ita, ku tuna musu wannan. Ruwan alwala da na sha a bakin masallaci ya zama kyauta, marayu da tsofaffin da basu da kowa a rubuta sunansu su ɗiba kyauta, amma mai wanki da mai waake da mai koko da masu gini da ke cika galan goma-goma su biya. Kuɗin kar ya kwana a aljihun kowa ko da naka ne, a buɗe asusu ko lambar MoMo ta kwamiti, mutum biyu ke sa hannu, duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, a ware kaso da ba'a taɓawa sai ranar da injin ya lalace. Ku sa mata biyu a kwamitin, ni dai duk inda na ga ruwan unguwa ya daɗe yana aiki sai na tarar akwai wata Hajiya da ke riƙe da littafin. Sannan ku leƙa asambili ku tambayi matsayin takardunku, don Water Resources Commission ita ke da hurumin lasisin haƙa borhol da izinin ɗibar ruwa, gara ku je da ƙafarku.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mu a Sawaba famfo baya zuwa kullum, in yazo sai mu cika galan-galan da duro mu ajiye har sati. Ranar farko yakan zo ja-ja. Zamu iya sha haka?
Wata uwa, Sawaba

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa kuma an sa masa magani tun daga can, amma in fayif ya kwana biyu ba ruwa to na farkon da ya fito yana wanko tsatsa da duk abin da ya shiga ta ɓula. Ki barshi ya zuba har ya washe, na farkon a yi wanki ko shara dashi. Maganin da ke cikin ruwan kuma baya kai sati, kwana ɗaya biyu ya gudu, don haka na sha ki ware shi daban a abu mai ƙaramin baki da murfi, ki tafasa ko ki sa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar ki jira minti 30. Galan ɗin Kufuor ɗin nan masu ruwan ɗorawa ki leƙa cikinsu, in kinga kore-kore a zuba ƴan tsakuwa da sabulu a girgiza sosai a ɗauraye, wanda baki san me aka taɓa zubawa a ciki ba kar ki sa na sha. Sai moɗa. Randa tsaf, ruwa tsaf, yaro ya dawo daga bayi ya tsoma hannu har wuyan hannu da kofi, shikenan an gama da ruwan gidan. Ki samu moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, ko bokiti mai famfo a jiki irin Veronica.

TAMBAYA: Malam ruwan da aka sa wa kulorin yana ɗan wari, alwala ta halatta dashi? Tsohona ya ƙi taɓawa.
Ɗalibi, Tafo Zango

AMSA: Ɗana, fatawa ta malamai ce, ka raka Baba wurin limaminku ya ji daga bakinsa zai fi samun natsuwa. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shine ruwan famfon da muke alwala dashi shekara da shekaru a masallatan garin nan duk akwai kulorin a ciki, tsarkake ruwa yake yi ba najasa bane. In warin yana hawa kai har yana ɗaci a baki to an zuba fiye da kima, ka faɗa wa masu kula da tankin su auna su rage. Na shan Baba kuma a zuba masa a mazubi mai tsabta a rufe da kyalle ya ɗan jima, warin zai ragu.