Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Fitar da Zakara a Ƙwallon Jami'o'in Amurka?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan mako sun karkata ne ga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita, musamman gasar da jami'o'in ƙasar ke bugawa a tsakaninsu. Mun zaɓo huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a wata jami'a a Amurka, kuma kusan duk ranar Lahadi sai ya turo mini saƙo cewa ƙungiyar makarantarsu ta hau mataki na kaza ko ta sauko. Da na tambaye shi makinsu nawa a teburi, sai ya ce ai babu teburi, ƙuri'a ake kaɗawa. Ta yaya za a ce ƙwallon da ake bugawa a fili sai an yi mata zaɓe? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiya ƙanenka ya gaya maka, kuma tushen abin lissafi ne. A gasar Firimiyar Najeriya, wadda Kano Pillars ta lashe a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ƙungiyoyi 20 ne ke karawa gida da waje, wasa 38 ke nan ga kowacce, saboda haka idan kaka ta ƙare babu mai jayayya da wanda ya fi maki. A matakin ƙoli na ƙwallon jami'o'in Amurka kuwa ƙungiyoyin sun haura 130, alhali wasa 12 kacal kowacce take bugawa daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, domin wasa ne na karo da kayarwa wanda jiki ba ya ɗaukarsa fiye da sau ɗaya a mako. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, manyan su ne SEC da Big Ten da Big 12 da ACC, kuma yawancin wasannin kowace ƙungiya a cikin rukuninta take buga su. Ke nan za ka iske ƙungiyoyi biyu kowacce ta ci wasa 11 ta faɗi ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba, ba su kuma kara da abokan hamayya iri ɗaya ba. Teburi ba zai iya raba wannan gardama ba, shi ya sa aka koma ga idon masana.

Tun shekarar 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tattara ra'ayin 'yan jaridar wasanni. A yau sun haura 60, kowannensu yana jera ƙungiyoyi 25 da yake ganin sun fi, wadda ya sa a farko ta samu maki 25, ta biyu 24, haka har ta ƙarshe mai maki ɗaya, sannan a tara a fitar da jadawali ranar Lahadi. Masu horarwa su ma sun fara tasu ƙuri'ar a 1950. Wannan 'yar ƙaramar lambar da ake maƙalawa a gefen sunan ƙungiya a kusurwar talabijin lokacin wasa, daga irin wannan jadawali ta fito.

Tsarin yana da naƙasu da bai kamata a ɓoye ba. Ana fitar da jadawalin farko tun kafin a taɓa ƙwallo, wanda hakan ke bai wa jami'o'i masu tsohon suna fifikon da ba su yi gumi a kansa ba, ƙaramar makaranta kuma sai ta yi ta cin wasa mako bayan mako kafin a waiwaye ta. Shi kuwa mai horarwa, wanda ya wuni ranar Asabar yana fama da nasa wasan, yaushe ya ga wasannin wasu har zai yi musu alƙalanci? A da ma kafin wasannin ƙarshen shekara ake rufe ƙuri'ar, har ta kai an naɗa Alabama zakarar kakar 1964, sannan Texas ta doke ta bayan naɗin. Sau da dama kuma ƙuri'un biyu sun saɓa, ƙasa ɗaya ta tashi da zakaru biyu: Colorado da Georgia Tech a 1990, Miami da Washington a 1991, Michigan da Nebraska a 1997.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa ƙungiyar da ta ci wasa shida ta faɗi shida tana samun gurbin buga wasan da ake kira Bowl, har magoya bayanta suna murna. Shin kofi ne, ko wasan sada zumunta ne kawai? Daga wata malamar makaranta a Gwammaja.

Amsa: Barka kadai, Malama. Tsakanin biyun yake. Wasa ne guda ɗaya da wani gari ke shiryawa a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ya gayyato ƙungiyoyi biyu, wadda ta ci ta ɗauki kofin wannan wasa, shi ke nan an tashi. Mafi tsufa shi ne Rose Bowl na garin Pasadena a jihar Kalifoniya, wanda aka fara a 1902 domin ƙawata bikin furanni na sabuwar shekara. A wannan karo na farko Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema, abin da ya sa masu shirya bikin suka jingine ƙwallon suka koma tseren keken doki da makamantansa, sai a 1916 suka dawo da ita. Garuruwan kudu masu ɗumi a lokacin sanyi suka ga akwai ciniki a cikin baƙin da ke zuwa, sai aka samu Sugar Bowl a New Orleans da Orange Bowl a Miami a 1935, Cotton Bowl a Dallas a 1937, daga baya Peach Bowl a Atlanta da Fiesta Bowl a Arizona. Yanzu irin waɗannan wasanni sun kai kimanin 40, shi ya sa cin wasa shida ya wadatar a samu gayyata.

Abin da ya haɗa su da rikicin zakara shi ne yarjejeniyoyin da suka ƙulla da rukunoni. Shekaru da dama zakaran Big Ten ba shi da zaɓi sai ya tafi Rose Bowl ya kara da zakaran jami'o'in gaɓar yamma, ko da kuwa abokin takararsa na gaskiya yana wani gari. Abin da ya faru ke nan a kakar 1997, Michigan tana Pasadena, Nebraska tana Miami, kowacce ta ci nata wasan, ba a kuma taɓa sanin wadda za ta kayar da wata ba.

A yau manyan nan shida an shigar da su cikin zagayen fitar da zakara, sauran kuwa darajarsu ta ragu, domin 'yan wasan da ke hangen shiga gasar ƙwararru ta NFL sukan ƙi bugawa don gudun rauni. Duk da haka ban yarda da masu cewa a soke su ba. Mafi yawan waɗannan samari ba za su taɓa zama ƙwararru ba, wannan wasa shi ne na ƙarshe da za su sa rigar makarantarsu a gaban iyayensu, kuma murnar da kika karanta ta gaskiya ce.

Tambaya: Malam, musu ya yi zafi a majalisarmu. Wasunmu sun ce kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin da za su buga zagayen sili ɗaya ƙwale zalunci yake yi, wasu sun ce tunda an kai gurabe 12 magana ta ƙare. Muna son jin matsayinka. Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin in faɗi matsayina bari mu bi yadda aka zo nan, domin kowane gyara da aka yi wani ƙorafi ne ya haife shi. A 1998 aka kafa tsarin BCS, wanda ya gauraya ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta domin ya fitar da ƙungiyoyi biyu su buga wasan ƙarshe. Gurbi biyu bai ishi ƙasa mai wannan girma ba. A kakar 2003 jami'ar LSU ta ɗauki kofin BCS, 'yan jarida kuma suka naɗa jami'ar USC. A 2004 Auburn ta gama kaka ba a doke ta ba, amma aka bar ta a waje saboda USC da Oklahoma su ma ba a doke su ba. A kakar 2011 kuma aka haɗa LSU da Alabama, 'yan rukuni ɗaya da suka riga suka kara a watan Nuwamba, Alabama ta ci 21 da nema, sauran rukunoni suka ce an mayar da su 'yan kallo.

Daga kakar 2014 aka koma ƙungiyoyi huɗu, aka miƙa zaɓensu ga kwamiti mai mutum 13, galibi shugabannin wasanni na jami'o'i da tsofaffin masu horarwa, har da tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka Condoleezza Rice a zubin farko. A shekarar farko Ohio State, wadda ta shiga a mataki na huɗu, ita ta ɗauki kofin, wanda ya nuna cewa tsohon tsari da ya hana ta ko gwadawa.

Inda nake tare da masu kukan zalunci shi ne abin da aka yi wa Florida State a 2023. Ta ci wasanninta 13 duka, ta zama zakarar ACC. Sai dai a watan Nuwamba jagoran harinta mai jefa ƙwallo, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Abokan wasansa ba su karaya ba, suka doke Florida, suka doke Louisville da ci 16 da 6 a wasan ƙarshe na rukuni. Ranar 3 ga Disamba kwamitin ya ajiye su a mataki na biyar, ya ɗauki Alabama wadda Texas ta doke a gidanta, bisa hujjar cewa ba tare da Travis ba ƙarfinsu ya ragu. Masu kare kwamitin sukan kawo cin 63 da 3 da Georgia ta yi musu a Orange Bowl, amma wannan hujja ba ta tsaya ba, domin da yawa daga cikin manyan 'yan wasan Florida State ba su buga ba bayan an yanke musu ƙauna. A ganina aikin kwamiti shi ne ya auna abin da aka yi a fili, ba ya yi hasashen abin da zai faru ba, domin gani ya kori ji. Idan har samari za su ci duk wasan da aka sa a gabansu sannan a ce musu bai isa ba, to me za su yi ya isa? Kafin su ma an yi wa jami'ar UCF haka a 2017, ta gama da nasara 13 ba faɗuwa, ba a ko kusantar da ita ga gurbi ba saboda rukuninta ƙarami ne.

Tsarin ƙungiyoyi 12 da aka fara a kakar 2024 ya rage wannan ɓarna sosai, kuma ina goyon bayansa. A waccan kaka an ware gurabe biyar ga zakarun rukunoni, abin da ya buɗe wa ƙananan makarantu irin su Boise State ƙofa, kwamiti ya cike bakwai, aka buga zagayen farko a filayen jami'o'in da kansu a cikin sanyin Disamba. Ohio State, wadda ta shiga a mataki na takwas bayan ta faɗi wasa biyu, ta ci wasa huɗu a jere, ta doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. Ƙungiyoyi huɗun da aka hutar a zagayen farko kuwa, waɗanda zakarun rukuni ne, duka an fitar da su a wasansu na farko, daga baya kuma aka gyara dokar, hutun ya koma ga huɗun da ke saman jadawalin kwamiti ko da ba su ne zakarun rukuni ba.

Amma abokanka da suka ce magana ta ƙare sun yi gaggawa. Gardamar ta sauka ne daga mataki na huɗu zuwa na goma sha biyu, kamar yadda aka gani lokacin da aka ɗauki jami'ar SMU aka bar Alabama mai faɗuwa uku. Bambancin shi ne wanda aka bari a yanzu yana da faɗuwar da za a nuna masa, wannan kuwa adalci ne da Florida State ba ta samu ba. Kiran a ƙara gurabe zuwa 16 ko fiye shi ne ban gamsu da shi ba, musamman shawarar a ware wa SEC da Big Ten gurabe masu yawa tun kafin a fara kaka, domin wannan dawo da fifikon suna ne ta bayan gida. Akwai kuɗi a tsakiyar maganar, tunda yarjejeniyar da aka ƙulla da tashar ESPN ta haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma kowane ƙarin wasa ƙarin kuɗi ne. Su kuwa masu bugawa ɗalibai ne masu jarrabawa a Disamba, kuma Ohio State da Notre Dame wasa 16 kowacce ta buga a waccan kaka, abin da ya kusa kai adadin na ƙwararru. An fara barin 'yan wasan su samu kuɗi da sunansu tun 2021, amma kuɗi ba ya mayar da gwiwar da ta lalace.

Tambaya: Malam, da wane lokaci ake buga wasannin a agogonmu? Ina da gidan kallo, kuma wasu samari sun fara tambayata. Daga wani mai gidan kallo a Kurna.

Amsa: Alhaji, yawancin wasannin kaka ranar Asabar ake buga su. Daga farkon Nuwamba agogon Kano yana gaban na gabashin Amurka da awa shida, kafin nan kuma awa biyar ne. Wasan da aka fara da tsakar rana a can zai zo maka da ƙarfe shida na yamma a lokacin sanyi, wato dab da Magariba, kuma sau da yawa yakan ci karo da wasan yamma na Firimiyar Ingila, don haka sai ka tanadi talabijin na biyu. Manyan wasannin dare, har da wasan ƙarshe da ake bugawa ranar Litinin a watan Janairu, sukan fara ne bayan ƙarfe ɗaya na dare a nan. Ka kuma lissafa man janareta da kyau, domin ko da yake minti 60 ne a agogon wasa, ana yawan tsayar da shi, kuma wasa ɗaya yakan haura awa uku.