Tambaya da Amsa: Kakar kakar matata Bajamushiya ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Bakatsine ne mazaunin Amurka, matata Ba'amurkiya ce. A danginsu kullum ana ba da labarin kakar kakarta, wai tana cikin matan da suka fara zuwa jihar Nebraska suka kafa gona tun wurin yana daji, ana kiranta da Snyder, wasu su ce Bajamushiya ce wasu su ce a'a. Ina so yarana su san tushensu ta wajen uwa ma, ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya raya maka zuri'a. Toh Snyder dai galibi daga Schneider ya fito, wato tela da Jamusanci, irin yadda mu ma sana'a kan bi mutum har ta zama sunan gidansu. Da suka sauka Amurka sai rubutun ya bi bakin Turanci, haka Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith.

Amma tsaya, kar ka yi saurin yanke hukunci. Mace a can da ta yi aure sunan gidan mijinta take ɗauka, ke nan Snyder ɗin nan zai iya zama na mijin ne, ita kuma nata daban. Sunan gidan ubanta shi ne abin nema na farko, kuma takardar aure, takardar mutuwa ko rajistar cocinsu, musamman na ɗarikar Lutheran, nan ake samunsa.

Daga nan sai takardun ƙidayar jama'a ta Amurka. Daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kawai ake rubutawa, mata galibi lamba ce kurum, abin nan yana ci min rai gaskiya don haka mata da yawa suka ɓace a tarihi alhali da su aka sha wahalar noman. Daga 1850 aka fara sa sunan kowa ban da bayi, ta 1880 kuma har da inda aka haifi iyayen mutum. Ta 1890 kusan duk ta lalace a gobarar 1921. Ka leƙa FamilySearch, shafin intanet na binciken tushen iyali, kyauta ne.

Kar ka manta da takardun fili. Dokar Homestead ta 1862, wadda ta raba filin gwamnati ga masu son zama su yi noma, ta ba da eka 160, kuma gwauruwa ko macen da ba ta da aure da ta kai shekara 21 tana iya karɓa da sunanta, in kakar taku ta yi haka to akwai fayil ɗinta a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Washinton.

In ka ga an rubuta Prussia ko Bavaria kar ka ruɗe, tsofaffin masarautun Jamusawa ne, sai 1871 Jamus ta dunƙule ƙasa ɗaya. Shi ya sa dole sai ka gano sunan ƙauyensu, don kafin 1876 a mafi yawan yankunan coci ne ke rubuta haihuwa da aure. Jerin fasinjojin jirgin ruwa na tashar Hamburg da ke Jamus daga 1850 zuwa 1934 yana nan kuma yakan faɗi garin da mutum ya baro. Kafin duk wannan ka sa madam ta tambayi tsofaffin gidansu ko akwai tsohon Baibul na iyali, a shafukansa suke rubuta haihuwa da aure.